Shekara huɗu da lisans ina bakatar: in ci gaba da jiran konkur ko in koma kasuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na gama lisans, wato digirin farko, a fannin labarin ƙasa a Jami'ar Ngaundare ta Kamaru a 2021, yanzu shekaruna 28. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Garwa a matsayin bakatar, da awa ake biyana, babu takarda ko ɗaya tsakanina da mai makarantar, lokacin hutu kuma ko dala ba na gani. Sau uku ina rubuta konkur, jarrabawar gasa ta shiga aikin gwamnati, ban dace ba. Wata ƙungiyar agaji a Marwa ta ce in zo istaj, wato zaman koyon aiki, na wata shida ba albashi, wataƙila daga baya su ɗauke ni. Kawuna yana so in zo in riƙe masa lissafi a harkarsa ta albasa. Akwai kuma wanda ya ce in kawo miliyan ɗaya da rabi ya sa sunana ya fito a konkur. Tunda ka daɗe kana aikin duba haƙƙin ma'aikata, me ka ga ya dace in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka.

Maganar miliyan ɗaya da rabi ba ta buƙatar dogon zance, da ita zan fara. Kada ka ba shi ko dala. Irin waɗannan mutane sukan karɓi kuɗin mutum goma. In ɗaya ya ci da ƙoƙarinsa su ce aikinsu ne, sauran taran kuma a ce musu an samu tangarɗa a Yawunde, su yi haƙuri sai baɗi. Ba ka da bakin kai ƙara, domin dokar ƙasa tana hukunta mai ba da cin hanci kamar yadda take hukunta mai karɓa, addininmu ma ya haɗa su biyun a la'ana ɗaya. Kuɗin nan kuma na san inda ake samo irinsa, ko saniyar uwa ko filin gado. Ka bar wa mahaifiyarka abinta.

Sai in cire maka wani abu daga rai, don na ji shi a cikin wasiƙarka ko da ba ka faɗa ba: kana ganin kamar kai ne ka gaza. A zamanin da muka yi karatu jami'a ɗaya ce a Kamaru, ta Yawunde, ɗalibi yana karɓar kuɗin tallafi, in ya gama kuma gwamnati ce ke nemansa. A 1993 aka juya wannan gaba ɗaya. Aka soke tallafin, aka sa kuɗin rajista sefa dubu 50 a shekara, aka mayar da jami'o'in gwamnati shida har da taku ta Ngaundare, aka zaftare albashin ma'aikata sau biyu a cikin shekarar, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tun daga nan ƙofar aikin gwamnati ta tsuke, masu fitowa da takarda kuwa sai ƙaruwa suke: an buɗe Jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa a 2022. Ka tsaya ka lissafa manyan masu ɗaukar ma'aikata a arewacin nan. Sodecoton a Garwa, kamfanin siminti a Figil, Semry mai shinkafa a Yagwa, jirgin ƙasa da ya tsaya a Ngaundare, sai bankuna da kamfanonin waya. Da wuya ka ƙare yatsun hannunka. A 2011 da gwamnati ta yi shelar ɗaukar matasa 25,000, dosiye, wato takardun neman aiki, sama da 300,000 aka kai. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuma ya daɗe yana nuna cewa kusan tara cikin goma na masu aiki a ƙasar nan suna yi ne a inda babu rajista, babu takardar albashi. Saboda haka halin da kake ciki shi ne halin yawancin tsararka, kuma shawarar da za ta amfane ka ita ce wadda ta yarda da wannan.

Konkur ka ci gaba da rubutawa, ban ce ka daina ba. Yawancin manyansu, irin na ENAM, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati, ba sa karɓar wanda ya haura shekara 32, ke nan kana da sauran zagaye kamar huɗu. Akwai kuma rabon gurabe tsakanin jihohi, inda jihohin arewa uku suke da kashi 30 cikin 100: Arewa Mai Nisa 18, Arewa 7, Adamawa 5. Haƙƙinka ne, ka nema. Abu ɗaya da nake yawan jan kunnen yaranmu a kai shi ne rubutun suna. Sunayenmu kowane magatakarda da yadda yake rubuta su da Faransanci, sai ka ga takardar haihuwa ta zo da wani harafi, takardar bak ta kammala sakandare ta zo da wani, katin ɗan ƙasa kuma da nasa. An sha mayar da dosiye saboda wannan kaɗai. Ka jera takardunka yau ka duba, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ka sani ko wanda ya ci bai gama wahala ba. Yajin aikin malamai da ake kira OTS, wanda ya tashi a Fabrairun 2022, tushensa malaman da suka shekara da shekaru a aji ba matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, ko ba cikakken albashi. Makarantun horar da malamai ma, irin ENS ta Marwa, waɗanda da shigarsu daidai take da samun aiki, tun daga shigar 2023 an raba karatun da ɗaukar aiki. To ka ba konkur darenka da ƙarshen makonka. Ranarka kuwa tana da wani aikin.

Nan ne zan daɗe, don shi ne abin da na ƙare rayuwata a kai.

Aikin wucin gadi iri biyu ne a wurina. Akwai wanda in ka bar shi za ka fita da wani abu a hannu: takardar shaida, watanni a asusun fansho, wata ƙwarewa da za ka iya sayarwa, ko mutanen da za su tsaya maka. Akwai kuma wanda yake cin shekarunka ya bar ka kamar ba ka taɓa aiki ba. Naka na yanzu, yadda ka kwatanta shi, na biyun ne, kuma ana iya mayar da shi na farkon ba tare da faɗa ba.

Ba na manta wani dattijo da ya zo ofishina, ya haura hamsin, ya koyar shekara goma sha tara a wata makarantar kuɗi. Mai makarantar ya rasu, magada suka ce ba su san shi ba. Na tambaye shi takardar kwantiragi, babu. Takardar albashi, babu. Lambar CNPS, hukumar da ke kula da fanshon ma'aikata, bai taɓa jin an yi masa ba. Abin da ya cece shi wani tsohon littafi ne da mai ajiyar kuɗi yake sa su sa hannu duk wata, shi ma na 'yan shekarun ƙarshe kawai aka samu. Ya samu ɗan abin da ya samu, amma fansho ya wuce shi. Mutumin nan ya zauna a gabana yana kuka, ni ma ranar ban iya cin abinci ba. Tun daga lokacin duk matashin da ya zo mini sai na fara da maganar shaida.

Ga abin da dokar ƙwadago ta 1992 ta tanada, wanda yawancin masu lisans ba su taɓa karantawa ba. Ma'aikaci shi ne duk wanda yake aiki ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi. Sunan da aka laƙaba maka, bakatar ko mai taimako ko ɗan sa-kai, ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne wa ke tsara maka lokaci, wa ke ba ka umarni, wa ke biyanka. Yarjejeniyar baki ma kwantiragi ce, kuma doka ta yarda a tabbatar da ita ta kowace hanya. Kwantiragi mai wa'adi in ta wuce wata uku dole a rubuta ta. Ba ta wuce shekara biyu, sau ɗaya ake sabunta ta, in kuma aka ci gaba da aiki bayan nan ta zama marar wa'adi. Lokacin gwaji shi ma sai a rubuce, kuma ba ya wuce wata shida, ko takwas ga manyan ma'aikata, don haka wanda ya ce maka kana gwaji shekara guda ya saɓa doka. Ranar da ka bar aiki, ko kai ka tafi ko an sallame ka, wajibi ne a ba ka takardar shaidar aiki. Bashin albashi kuwa shekara uku gare ka ka nema, in suka wuce ya tafi. Mafi ƙarancin albashi tun Maris na 2023 sefa dubu 60 ne a wata a kamfanonin da ba na noma ba, na noma dubu 45, kuma lissafin na mai cikakken aiki ne, awa 40 a mako in ba a noma ba. Ka raba ka ga nawa awarka ta kama, sannan ka haɗa da awannin da kake ɓatawa a gyaran takardun yara da ba a biyanka su.

Ban faɗa maka wannan don gobe ka shiga ofishin mai makaranta da doka a hannu ba. Garwa ƙaramin gari ne a wannan fanni, masu makarantu sun san juna, in aka yi maka tambarin mai rigima za ka sha wuya. Sufetocin ƙwadago kuma ba su da yawa, aikinsu na farko sulhu ne, sai sulhu ya gagara ake ba da takardar zuwa kotu. Hanyar kyauta ce, amma tana cin lokaci. Abin da nake so ka yi a hankali ake yinsa. Ka ajiye jadawalin darussa mai ɗauke da sunanka na kowace shekara. Ka riƙa ɗaukar hoton shafin da kake sa hannu in an biya ka, in da hali ka roƙi a riƙa turo maka ta waya don saƙon ya zauna. A ƙarshen kowace shekarar karatu ka je wurin shugaban makaranta cikin ladabi ka ce kana haɗa dosiye, ya taimaka maka da takardar shaida cewa ka koyar daga wata kaza zuwa wata kaza, da hatimi. Da wuya a hana, don ba ta cin kuɗin kowa. Ka nemi ta shekarun baya ma tun waɗanda suka san ka suna nan. Takardun nan su ne za su mayar da shekara huɗun da kake ganin ta lalace ta zama ƙwarewar shekara huɗu a idon mai ɗaukar aiki, kuma su ne makaminka in wata rana an zalunce ka.

Sannan CNPS. Fanshon tsufa yana buƙatar shekara 60, da wata 180 na zubi, da shekara 20 da yin rajista. Wajibin mai aiki ne ya yi maka rajista, ana cire kashi 4.2 cikin 100 a albashinka shi ma ya zuba nasa. In ya ƙi, ko kuma kai mai zaman kanka ne, tun 2014 an buɗe zubi na ganin dama, mutum ya bayyana abin da yake samu ya riƙa zuba kashi 8.4 cikin 100. Na san mai shekara 28 da bai yi aure ba maganar fansho nesa take masa. Amma watannin nan tun da wuri ake tara su, kuma in ka samu aiki mai rajista nan gaba za su haɗu da na can. Ka shiga ofishinsu ka tambayi ƙa'idar da mafi ƙarancin zubi.

Yanzu istaj na Marwa. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a kan iyaka, aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo a 2013, ƙungiyoyin agaji suka cika Marwa, su ne suka zama babban burin masu digiri bayan gwamnati. Albashinsu yana da kyau in an samu, amma aikinsu na aikin-gama-ka-tafi ne, yana rayuwa ne da kuɗin masu ba da tallafi. Kowa ya ga abin da ya faru da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje a Janairun 2025, ma'aikata da yawa sun koma gida. A irin wannan yanayi kalmar “wataƙila” ba abin da za ka saki aikinka a kanta ba ce. Wata shida a Marwa haya ne, abinci ne, kuɗin kalando ne, wato babur ɗin haya, duk daga aljihun wa? Kafin ka amsa ka tambaye su: za a rubuta yarjejeniyar istaj mai ranar farawa da ranar gamawa? Wane aiki takamaimai za ka yi, wa zai koya maka? Akwai kuɗin mota da na abinci? Cikin waɗanda suka yi istaj bara, nawa aka ɗauka? Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. In sun amsa da kyau, ka roƙi a mayar da shi wata uku ya faɗa cikin dogon hutu, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da dama ba a biyanka. In sun ce sai dai shida kuma ba takarda, ka yi musu godiya.

Abin da ƙungiyoyin nan suke saya ma za ka iya tanadarsa kana Garwa. Kai mai labarin ƙasa ne. Ka koyi zana taswira da QGIS, manhaja ce ta kyauta. Ka koyi tattara bayanai da waya ta KoboCollect, wadda yawancinsu da ita suke aikin ƙidaya a ƙauyuka. Ka iya Excel sosai, ka gyara Ingilishinka. Ka kuma daina raina harsunanka: mai Hausa da Fulatanci da Faransanci, in ya ƙara da ɗan Barbarci ko Larabcin Shuwa, yana shiga inda ɗan kudu mai mastar, digiri na biyu, ba zai iya buɗe baki ba. Ka rubuta su a takardar neman aikinka. Aikin ƙidaya na mako biyu ko uku da ake biya kullum ya fi istaj na wata shida na banza, kuma ta nan ake gane masu ƙwazo. Ka yi rajista da FNE ma, asusun samar da aiki da aka kafa a 1990, suna da ofis a Garwa, rajistar kyauta ce. Suna da shirin da ake kira PED, inda ake tura mai digiri kamfani, su da kamfanin su raba kuɗin alawus ɗinsa. Ba kowa ke samu ba, amma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Mastar, in ka tambaye ni, kada ka yi ta don gudun zaman gida. Ka yi ta in ka ga takamaiman aikin da aka hana ka saboda rashinta.

Saura kawunka, kuma ina jin a ranka shi ka ajiye a ƙarshe, kana ganin kamar komawa baya ne mai lisans ya tsaya a kan buhun albasa. Ni a cikin abubuwan da ka lissafa shi na fi ganin gaba a cikinsa. Albasar Garwa da Marwa ita ke ciyar da kasuwannin Yawunde da Duwala har ta tsallaka Gabon. Duk wanda ya san harkar ya san inda kuɗi yake: lokacin girbi a rani farashi yana faɗuwa warwas, bayan damina ya ninka, tsakanin nan kuma ruɓa take cinye rabon mai ajiya. Ga bashin da ke tsakanin manomi da dillali da mai mota da mai saye a kudu, yawanci a ka ake riƙe shi ko a guntun takarda. 'Yan kasuwarmu sun iya ciniki fiye da kowa, inda ake cutarsu shi ne lissafi, da takardun haraji, da yarjejeniyar da aka rubuta da Faransanci, da shiga banki. Wannan shi ne abin da boko ya ba ka. Yaron da zai iya nuna wa kawunsa a rubuce buhu nawa aka saya, nawa ya ruɓe, wace mota ce ke yawan kawo asara, wa ake bi tun bara, ya zama ginshiƙin harkar. In ya yi wa mutum ɗaya da kyau, 'yan kasuwa biyar za su neme shi, daga nan sana'a ta tsaya da ƙafarta. Ranar da kake son yi mata rajista akwai cibiyar CFCE da ke haɗa takardun kafa kamfani wuri ɗaya, kuma tun 2016 an sauko da jarin kafa ƙaramin kamfani na SARL zuwa sefa dubu 100. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai ka kiyaye, aikin gida shi ma yana iya zama irin wanda ba ya barin komai a hannu, har ya fi na bare zafi, don ba ka da bakin tambaya. Na ga yara da yawa sun shekara goma a shagon ɗan'uwa a kan “ai kai ɗan gida ne, in lokaci ya yi zan sallame ka”, lokacin bai zo ba har zumunci ya lalace. Ka sa mahaifinka ya zauna da kawunka, da wani dattijo guda a matsayin shaida, a faɗa a fili: albashi ne a wata, ko kaso ne a riba, ko buhu kaza ne naka a kowace mota, kuma zuwa yaushe. A rubuta. In kawu ya ga kamar rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ita ce ta umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma tsakanin muminai aka saukar da ita. Kai kuma ka riƙe amana, kuɗin kasuwa kada ya kwana a aljihunka tare da naka.

Da ni ne kai, ga yadda zan tsara shekara biyu masu zuwa. Ba zan saki koyarwa yanzu ba, zan roƙi a tattara mini awannina cikin kwana uku, don ita ce ke ba ni takarda kuma take riƙe da ilimina don konkur. Sauran kwanakin na kawu ne, a kan sharaɗin da aka rubuta. Dare na karatu ne da koyon taswira. Daga kuɗin farko da ya shigo zan buɗe zubin CNPS. Sannan zan zauna da mahaifina in gaya masa wannan tsari da bakina, har da ranar da zan daina rubuta konkur in Allah bai nufa ba, domin yawancin matsin da iyaye ke yi na rashin sanin inda ɗansu ya dosa ne, kuma maganar aure ma ta fi sauƙin tasowa ga wanda aka ga yana da abin yi tsayayye.

Ka fara da takardar shaidar makaranta kafin a tafi hutu, tun shugaban da ya san ka yana kan kujerarsa. In ƙungiyar Marwa ta turo maka yarjejeniya a rubuce, kada ka sa hannu sai ka kai wa sufeton ƙwadago ko wani masanin doka ya karanta maka, ko ka sake rubuto mini da abin da ke cikinta mu duba tare. Ka gaishe mini da mahaifanka.